Darasin Mako na Bakwai

Mai tasi ya ƙi shiga lungun, ya ce ruwan jiya ya yanke hanya, shi kuwa ba zai kashe motar oga a ramin unguwar Orozo ba. Dole aka sauke Baba Thaddeus a bakin titi. Matarsa, Mama Elizabeth, ta tallafe shi ta dama, ɗansu Obadiah ya tallafe shi ta hagu, Muhibba maƙwabciyarsu ta biyo su da bokiti da filas da ledar magunguna, kayan kwana tara a asibiti. Ƙafafun tsohon sun kumbura har silifas bai shiga ba sai rabi. In ya yi taku biyar sai a tsaya ya mai da numfashi. A tsayuwa ta uku, daidai shagon mai cajin waya, ya juyo da kansa da ƙyar ya nemi Muhibba da ido.

"Malama, mako na nawa kuke?"

"Na huɗu, Baba."

Ya lanƙwasa yatsu uku a kafaɗar Obadiah, ya ce saura uku ke nan. Mama Elizabeth ta yi tsaki, ta ce ku ji mata mutum, ya fito daga hannun likitoci bai tambayi jikoki ba, bai tambayi kajinsa ba, sai makarantar da ba ta san da zamansa ba. Aka yi dariya har da mai cajin waya. Muhibba ma ta yi, amma tata ba ta kai ciki ba, don ita ce ta ɗora wa tsohon wannan ƙirgar makonni.

Baba Thaddeus mutumin Zonkwa ne. Ya zo Abuja da takardar malanta tun garin yana jar ƙasa da katafila, ya koyar da Tarihi shekara ashirin da shida, a Bwari, a Karu, daga baya a Karshi. Sai aka wayi gari an cire Tarihi daga jadawalin ƙananan azuzuwa, manya kuma suka daina zaɓarsa. Aka ba shi wani darasin ya riƙe har ya yi ritaya. Bai cika yin ƙorafi a kai ba sai abu ɗaya, wanda duk 'yan hayar gidan sun haddace: wai ba wanda ya gaya masa ranar da ya yi darasinsa na ƙarshe, ya shiga ya fita kamar kullum, ko sallama bai yi da allon ba.

Muhibba kuwa 'yar Dambatta ce, aure ya kawo ta. Mijinta Zulkifilu yana sayar da takalma a kasuwar Wuse, cunkoson Nyanya yana cinye masa abin da kasuwa ta rage na ranarsa. Ita tana koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare da ke kan hanyar Karshi. Bana da aka dawo da Tarihi a makarantar, aka duba ɗakin malamai kaf babu wanda ya karanta shi, sai aka lura Muhibba ba ta iya musu ba, aka ɗora mata. Abin dariyar shi ne ita kanta tana cikin yaran da suka yi makaranta a shekarun da ba a koyar da shi. Ta karɓi littafi ta shiga hadda kamar mai shirin jarrabawa. In ta shiga aji ta cika allo daga wannan gefe zuwa wancan, yara hamsin da uku su kwafa, rabi su yi ta hamma, na bencin baya su yi barcinsu mai daɗi.

Wata yamma a makon farko tana zaune ƙarƙashin bishiyar kashu da ke tsakar gida, tana maimaita shekaru da sunayen dauloli da ƙarfi, Baba Thaddeus yana kan kujerarsa ta roba yana yanke farce. Ya daure, ya daure, har ya kasa.

"Malama, yara za ki koyar ko aku?"

Kunya ta kama ta, ta ce to yaya ake yi. Ai kuwa kamar jira yake. Ya ajiye reza, ya gyara zama, ya ba ta labarin yadda yake buɗe kowace shekara.

Ranar farko, in ji shi, ba ya rubuta komai a allo. Yana cikin kiran suna sai a banko ƙofa, wata mata ta faɗo ajin da tukunyar ƙasa a ka, tana masifa wai ya bar akuya ta shiga gonar mutane ya zo nan yana surutu. Shi ya rama, ita ta ƙara, ta ɗaga tukunyar ta maka da ƙasa, ta fice. Sai ya kakkaɓe rigarsa ya ce kowa ya fito da takarda, minti goma, a rubuta abin da ya faru yanzun nan, da Turanci ko Hausa ko duk yaren da ya zo baki. In an gama a karanta ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce zanin matar ja ne, wani ya rantse shuɗi ne. Wata ta ce tunkiya aka ambata. Akwai shekarar da wani yaro ya ga wuƙa. Sai ya tambaye su: abin da ya faru a gabanku, ko minti ashirin ba a yi ba, kun kawo shi iri arba'in, to wanda ya faru shekara ɗari biyar da suka wuce, wa ya gani, wa ya faɗa wa wa, me ya ɓoye bai faɗa ba? Daga ranar, in ji shi, yaran ba sa sake karɓar magana daga littafi ko daga bakinsa sai sun tambayi daga ina ta fito.

Matar mai masifa ba kowa ba ce, Mama Elizabeth ce. Tukwanen kuwa na Ushafa ne, waɗanda suka tsage a wuta, matan da ke ginin suna ba ta kyauta tun ita da mijinta suna zaune a Bwari. Mama tana tsintar shinkafa a bakin ƙofarta ta sa baki, ta ce ita dai ba ta ga abin da ta samu ba sai ɓacin suna, akwai iyayen da suka yi shekara suna nuna ta a kasuwa wai ga matar da ke bin Ticha har aji tana ci masa mutunci.

Muhibba ta yi dariya har da hawaye. Da dariyar ta lafa sai tsohon ya sassauta murya, ya ce in ba za ta damu ba, yana so ta ara masa ajinta sau ɗaya. Minti arba'in kawai. Yana so ya sake tsayawa gaban yara, ya ji garin alli a hannunsa, kuma wannan karon ya san shi ne na ƙarshe. Ta ce wallahi ta yi alkawari. Ya ce to jibi?

Nan ta yi kuskuren. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsarin darussan zangon, wanda aka raba wa malamai a takarda mai hatimi, ta bi da yatsa. Shaidar baka da yadda ake tantance ta tana mako na bakwai. Kowace Litinin shugabar makaranta, Madam Perpetual, tana karɓar littafin shirin darasi ta gwada shi da wannan takarda kafin ta sa hannu. Muhibba kuwa tun da ta fara aiki ba a taɓa kiranta ofis ba, ba ta kuma son a fara a kan darasin da ba ta iya ba. Ta ce ya yi haƙuri sai mako na bakwai. Ya ce abin na farkon zango ne, ba ya daɗi in yara sun riga sun saba da barci. Ta ce tsari ne daga sama, Baba, ba ita ta yi shi ba. A lokacin da ƙafarsa yake zuwa coci ya dawo, har ya tsaya sayen rake a hanya. Ya dube ta ya yi murmushi, ya ce ba komai, shi da ya jira shekara goma sha biyar ai mako shida ba zai gagare shi ba. A mako na uku ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo.

Tun da aka dawo da shi daga asibiti bai sake wuce bishiyar kashu ba. Da safe Obadiah ya fito da shi kafin ya tafi aiki, a ɗora ƙafafun a kan bokitin fenti da aka kifa, da rana Mama ta riƙa jan kujerar tana bin inuwa. Ƙarfe uku in Muhibba ta shigo da jakarta, kafin ta cire takalmi ya fara: me ta koyar yau, wa ya yi tambaya, me ya tambaya. In ta ce ba wanda ya yi tambaya sai ya runtse ido kamar an taka masa ƙafar. Ya hana ta fara darasi da shekara. Ya ce ta aike su gida su tambayo wa ya raɗa wa unguwarsu suna, kuma kowa ya tambayi mutum biyu, kada ya tsaya a ɗaya. Ta gwada. Wata yarinya mai suna Marvel ta zo da labari daga kakarta, wani ya zo da akasinsa daga bakin mai unguwa, aka kusa dambe a aji, ƙararrawa ta kaɗa ba wanda ya tashi. Da ta ba shi labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Mama ta fito da ruwa tana yi wa su biyun faɗa.

Muhibba ta fara son darasin, abin da ba ta taɓa zato ba. Tana kuma son tsohon, so irin na wadda ta rasa uba tun tana firamare ta zo ta sami wani a bakin ƙofarta. Shi ya sa ta ƙi ganin abin da kowa ke gani. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, cikin ya ɗaga, maganarsa ta koma guntu-guntu. Ita dai tana taya shi ƙirga, tana ce wa kanta mako biyu ba wani abu ba ne.

Ranar Alhamis ta mako na biyar suka haɗu da Mama Elizabeth a bakin famfo, ba kowa sai su. Mama ta tara bokiti, ta tsaya tana kallon ruwan, ta ce likita ya kira ta gefe ranar da aka sallame su. Ya ce zuciyar ta gaji, su kai shi gida, duk abin da ya ce yana so a ba shi.

"Na ba shi kunun gyaɗa, na ba shi faten acca, na kira masa Fada daga coci," ta ce. "Abu ɗaya ya rage, shi kuma ba a hannuna yake ba, 'yata. A hannunki yake."

Bokitin ya cika ya fara zuba, ba wadda ta rufe famfon.

Washegari Muhibba ta yi ta maza ta shiga ofishin Madam Perpetual. Ta tsaya tana murza bakin mayafi, ta zayyana komai tun daga akuya har tukunya, tana jiran a ce ta je ta kawo izini a rubuce. Madam ta cire tabarau ta dube ta, ta yi magana da Hausarta ta Abuja wadda ba ta raba mace da namiji.

"Tun yaushe ka sani wannan Baba yana so ya zo?"

"Tun first week, Ma."

"Kuma ka zauna shiru? Malama Muhibba, wannan scheme, tsarin darasi, ba Bible ba ne, ba Alƙur'ani ba ne. Da ka zo ka faɗa mini, ni da kaina zan aika a ɗauko shi. Kawo shi. Ni ma zan zauna a baya."

Da Madam ta hana, da Muhibba ta sami wanda za ta ɗora wa laifi. Ta fito daga ofishin ta shiga ɗakin malamai ta kifa kai a tebur. Mako biyar ta tsare tsoho saboda wata doka da ko tambayarta ba ta yi ba. Tarihi sau biyu ne a mako, Talata da Alhamis, Talata kuma ranar komawarsa ganin likita ce. Aka tsayar da Alhamis ta mako na shida, ƙarfe goma da minti arba'in.

Ta koma gida ta gaya wa Baba. Ta buɗe baki za ta faɗa masa sauran, cewa tun farko ba wanda ya hana sai tsoronta, amma bai ba ta fili ba. Ya ƙwala wa Mama kira da wata murya da aka kwana biyu ba a ji ba, ya ce a fito da farar rigarsa mai dogon hannu, a duba ko asu ya ci nektayinsa. Muhibba ta haɗiye maganar, ta ce ta faɗa masa bayan an yi darasin.

Gidan ya ɗauki shiri kamar na biki. Ranar Asabar Obadiah ya tsallaka garin gaba ɗaya har Ushafa, mota uku zuwa uku dawowa, ya shigo da tukunya mai tsaga a gindi rungume a ƙirji. Zulkifilu ya auna kumburarriyar ƙafar da igiya, ya kawo sandal mai maɗauri daga shagonsa, ya ce kyauta ce, Ticha ba zai shiga aji da silifas ba. Aka yi magana da Saleh mai keke, irin mai ƙafa uku, ya zo ƙarfe goma daidai. Ranar Talata likita ya ce shi bai ga dalilin fitar ba, Baba ya ce shi ma bai ga dalilin da aka tambayi likita ba.

Laraba bayan la'asar ya ce sai an yi gwaji, don Mama ta tsufa, ƙila ta manta masifa. Mama ta ce abin da take yi da shi safe da yamma ne za ta manta? Aka ajiye wa Muhibba benci a gabansa, ita ce aji. Sauran 'yan haya ba su dawo ba, tsakar gidan ba kowa sai kaji da shanyar wani. Ya dafa bishiya ya miƙe, ya ƙi a taimake shi. Da ya tsaya sai Muhibba ta ga wani mutum da ba ta sani ba, kafaɗa ta daidaita, haɓa ta ɗaga, ido yana yawo bisa kawunan yaran da babu su. Ya fara kiran suna da ka, sunayen yaran wata shekara can baya, yana dakatawa bayan kowane ɗaya kamar ana amsa masa.

Mama ta banko ƙofar ɗakinta ta fito da tukunya a ka. An yi da ita ɗagawa kawai za ta yi, fasawa sai gobe. Ta fara: akuya, gonar mutane, surutun banza, mutumin da bai san hanyar gidansa ba sai ta makaranta. Ya rama, ya ce akuyar ai halin mai ita ta ɗauko. Ta ƙara. Muhibba tana ta danne dariya da mayafi. Mama ta sauke tukunyar daga kai ta ɗaga ta sama, sai ta tsaya a haka. Ta sauke ta a hankali ta rungume.

"Ashirin da shida na fasa maka," ta ce, muryar kuwa ba ta wasa ba ce. "Kowace shekara ina fasawa ina sane akwai ta baɗi. Gobe in na fasa wannan, sai kuma me? Ka faɗa mini, Thaddeus. Ka gama darasinka ka tafi, ni in zauna da wa?"

Shekara huɗu Muhibba tana gidan, ba ta taɓa jin ta kira sunansa ba, kullum Ticha ne ko Baban Obadiah. Mama ta ajiye tukunyar a gindin bishiya, ta shige ɗaki ta saki labule. Baba ya bi labulen da kallo, ya daɗe. Sannan ya zauna, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya juyo.

"To, aji. A fito da takarda. Minti goma."

Ta so ta ce Baba a bar shi haka, amma fuskarsa ba ta ba da hanya ba. Ta yago takarda daga tsakiyar littafinta ta shiga rubutu. Ta sa launin zanin Mama, da hannun da ta fara kai wa tukunyar, da zancen akuya kalma bayan kalma, har kazar da ta tsorata ta haye bokiti. Da ta iso ƙarshen sai biro ya tsaya. Wannan magana ce tsakanin mata da mijinta, kuma sun haife ta a girme, kunya ba za ta bari ta sa ta a takarda ba. Ta rubuta cewa daga nan matar ta ajiye tukunya ta koma ɗaki. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce sai ya duba, gobe ta ji sakamako tare da sauran yara.

Alhamis ta fita bakwai saura. Ƙofar su Baba a buɗe, farar rigar tana rataye a ƙusa an goge ta, tana jin muryarsa daga ciki yana gardama da Obadiah, wanda ya ɗauki hutun ranar don ya raka su. Ta gaishe su daga waje ta ce sai sun zo. Ya ce ta tabbata alli ne, shi ba ya son alƙalamin farin allo mai wari.

Ta sa aka share ajin sau biyu. Ta ajiye kujera mai hannu a gaba, da ruwa, da sabon alli uku. Ba ta gaya wa yaran komai ba sai cewa za su yi baƙo, don in sun sani abin ya lalace. Madam Perpetual ta shigo ta zauna a bencin baya, masu barci suka shiga taitayinsu. Goma da arba'in ta yi. Muhibba ta ce a buɗe littafi a yi karatu a zuci, ita kuma ta tsaya a taga tana kallon ƙofar makaranta. Wayarta tana jaka a ɗakin malamai, ta kasa barin tagar ta je ta ɗauko. Duk keken da ya rage gudu a titi sai ta miƙa wuya, sai kuma ya wuce. Sha ɗaya ta yi. Ta ce wa kanta ramin lungu ne, ko Saleh ya tsaya shan mai. Sha ɗaya da minti goma keke ya shigo, ba kowa a baya. Saleh ya kashe injin tun daga bakin ƙofa, ya sauko ya cire hula ya riƙe a hannu. Ba ta jira ya iso ba ta gane. Ta ji bakinta yana inna lillahi, Madam ta taso ta dafa kafaɗarta ta ce ta je, ita za ta riƙe ajin.

Ta tarar an fara jera kujerun roba a tsakar gida, matan zumunta na coci suna isowa da zaninsu iri ɗaya, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Mama tana zaune a tabarma, ƙafa a miƙe. Ta ba ta labari ba tare da an tambaye ta ba, yadda ta riƙa bai wa duk wanda ya shigo ranar. Ya yi wanka, ya sa rigar, ya ɗaura nektayi da kansa, ya sa sandal. Ya sha kunu rabin kofi. Ya ce a fito da shi ƙarƙashin bishiya ya jira keke, a miƙo masa tabarau, yana da aikin dubawa. Obadiah ya fita bakin titi tarar Saleh, ita kuma ta shiga naɗe tukunya a tsohon zani don kada ta ƙarasa fashewa a hanya. Da ta fito ta ce masa ga keke nan ta ji ƙararsa, bai amsa ba. Tabarau yana nan a kan hancinsa.

Muhibba ta durƙusa ta ce Allah ya ba da haƙuri, Mama. Abin da ke cin ta ba na faɗa a cikin mutane ba ne. Minti arba'in mutumin nan ya roƙa lokacin yana da ƙafarsa, ita ta hana shi, kuma ko haƙurin ba ta samu ta ba shi ba. Kafin la'asar tsofaffin ɗalibansa suka fara cika lungun, wasu da furfura, wasu da motocin da suka bari a bakin titi. Wani mai tumbi ya tsaya yana rantse wa jama'a cewa a shekararsu da idonsa ya ga Mama ta mari Ticha. Mama ta ɗago daga tabarma ta ce ƙarya yake, ita ba ta taɓa marinsa ba, aka yi dariya ana share hawaye.

Aka kai shi Zonkwa, ƙofarsu ta yi kwana goma sha biyu a kulle. Mako na bakwai ya zo ya sami Muhibba, ta rubuta shaidar baka a saman allo, ta cika ƙasan da bayani, yara suka kwafa, na baya suka koma barcinsu. Ba ta da ƙarfin wani abu. Da yamma in ta shigo gida ƙafarta takan rage sauri da kanta, tana jiran a tambaye ta me ta koyar yau. Ta yi kewarsa ƙwarai, kewar da ba ta da inda za ta kai, don a idon mutane maƙwabci ne kawai ya rasu.

Mama Elizabeth ta dawo wata Litinin, ta rame, da baƙin ɗankwali. Bayan 'yan haya sun gama gaisuwa sun watse, ta kira Muhibba bakin ƙofarta ta miƙo mata takarda a ninke. Ta ce a cinyarsa ta same ta ranar, ta sa cikin littafin addu'a don kada ta ɓace a hayaniya, ita kuma idonta ba ya ganin ƙananan rubutu.

Muhibba ta zauna a dakali ta buɗe. Rubutunta ne, jan biro ya bi shi layi-layi. Ya ba ta maki a kan zani, ya ba ta a kan kaza. Inda ta ce hannun dama ya ja layi ya sa hagu. Can ƙasa, kowane harafi a tsaye, ya rubuta da Hausarsa ta littafin coci:

"Shida bisa goma. Idonki yana da kyau. Amma kin ji abin da ta faɗa a ƙarshe, kin bar shi. Shi kaɗai ne abin da ya faru jiya, sauran wasa ne. Ki yi gyara ki kawo mini bayan darasi."

Ta karanta sau biyu. Mama ta ce me ya ce, ya kayar da ke? Muhibba ta karanta mata. Mama ta yi 'yar dariya ta hanci, ta ce ka ji shi, tun ranar take jiran ya ce mata wani abu a kai, bai iya da baki ba, sai ya bi ta takardar wata. Ta share ido da bakin ɗankwali.

Muhibba ta laluba jaka ta ɗauko biro. Ta ja layi a ƙarƙashin jan rubutun yadda ake koya wa yara, ta rubuta Gyara a tsakiya, sai ta tsaya. Ta ce tana tsoron kada ta canza wata kalma.

"Rubuta," in ji Mama, ta matso har kafaɗarsu ta haɗu. "Ni na faɗa, ban manta ba."

Ta fara maimaitawa a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ake yi wa yara shifta, idonta yana tsakar gida. Muhibba ta ɗora takardar a gwiwa tana bi. Da suka zo kan sunansa Mama ta dakata, ta sake faɗinsa, sannan ta jira biro ya gama.